Katangar da Na Gina a Clare

Erdington zuwa Salford

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fito daga gida da jaka ɗaya. Kun dai san halina. Tun da na bar makaranta ina shekara sha shida na yi aiki a ɗakin ajiyar kaya, na yi wankin mota, na yi shagon kaji, babu inda na cika wata biyu. Wannan karon Kawu Sani, direban babbar mota a Salford, shi ya samo min aikin gwaji na mako ɗaya wajen wani manomi a Clare, can gaɓar yammacin Ireland. A bakin ƙofa Baba ya ce, "Nura, kawunka ya sa bakinsa a kanka. In ka yar da wannan ma, ba zan ƙara roƙa maka kowa ba."

Na kama jirgin ƙasa na shida, kafin takwas ina cikin motar Kawu.

Holyhead zuwa Ennis

A Holyhead aka duba fasfo, muka shiga jirgin ruwa da motar gaba ɗaya. Awa uku da 'yan mintuna a kan teku, sau biyu ina amai. Kawu yana cin kifinsa yana dariya. "Ɗan birni, ko a kwalekwale ba ka taɓa zama ba."

Muka kwana a gefen Dublin. Washegari ƙarfe goma ya sauke ni a Ennis, inda Donal, manomin, yake jira na. Tsoho ne, ya kusa saba'in, hannunsa kamar icce.

Burren

Wallahi ban san akwai ƙasa irin wannan ba. Dutse ne toka-toka a shimfiɗe har inda ido ya tsaya, duk ya tsattsage, a cikin tsagogin kuma furanni shuɗaye. Donal ya tsaya ya nuna min wani kabari, ƙaton faifan dutse a kan wasu tsayayyu, ya ce ya girmi dalar Masar. Na daɗe a tsaye ban ko tuna da wayata ba.

Na hango wata katanga ta miƙe kan tsauni, ba gona ba gida. Na tambaye shi ta mece ce. Ya ce lokacin babbar yunwa ba a ba mutum abinci sai ya yi aiki, shi ne aka sa mayunwata suka gina ta. Daga nan muka wuce gida.

Aikin

Litinin Donal ya ba ni taku goma na katangar garkensa da ta rushe. Babu siminti, dutse kan dutse kawai. Ya nuna min sau ɗaya ya tafi wajen shanu. Na kalli ɓangaren da shi ya gina, duk ramuka, kana hango teku ta ciki. Sai na tuna hutun da muka yi a Zariya, kakana yana yaɓe kafin damina yana cewa katanga mai rami abin kunyar maigida ne. Na ce bari in burge tsohon nan. Kwana biyu ina cusa tsakuwa da laka, ban bar ko ƙofar allura ba. Da Donal ya gani sai ya ce, "Ta yi sumul." Shi ke nan.

Laraba muka tashi da iskar teku mai tura mutum baya. Tawa ta kwanta gaba ɗaya, tasa ko gezau. Shanu uku sun fice har kan titi.

Da muka koro su na shige ɗaki na haɗa jakata. Akwai bas na sha ɗaya da minti goma. Maura, matar Donal, ta ga jakar, ta ajiye min miya da burodi.

Donal ya ce, "Ramukan nan ba lalaci ba ne, yaro. Ta nan iska take wucewa."

"Me ya sa ba ka gaya min ba?"

"Da za ka ji? Tawa sau biyu ta faɗi kafin ubana ya buɗe baki."

Na ajiye jakar na koma garke. Ina ɗauke da dutse a ƙirji na ga bas ɗin ya wuce.

Moher

Juma'a na aza dutsen ƙarshe. Da la'asar Donal ya kai ni tsaunukan Moher. Ƙasa ce ta yanke tsaf, sama da mita ɗari biyu zuwa ruwa, tsuntsaye suna shawagi a ƙarƙashin ƙafarka. Na zauna a ciyawa ina ta subhanallah. Iskar ranar ta fi ta Laraba. Da muka koma, na ruga garke. Katangata tana tsaye, iska na feɗuwa ta ramukan da na bar mata.

Gida

Lahadi ƙarfe tara na iso Erdington. Na gaya wa Baba cewa Donal ya ce in koma a lokacin kaka, sa'ad da suke kora shanu kan dutse su yi hunturu a can. Baba ya kama tafin hannuna ya juya, ya ga duk ya farfashe. Ya ce wa Mama ta zuba min tuwo, shi kuma ya ɗauki waya ya kira Kawu da kansa.

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Kawu, da Maura, da tsohon da ya bar katangata ta faɗi.