Magagi Mai Tuwon Leda

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha takwas ga watan Safar, da hantsi, Allah ya karɓi ran kakana Magagi, a gidanshi da ke bayan kasuwar Filingue, bayan tarin da ya daɗe shina fama da shi. Anka yi mishi sutura kafin azahar. Ni Zaidu, ɗan ɗiyarshi, ni ke wanga rubutu.

Tsoho, tsakanina da kai wasan jika da kaka ne, kuma ban ga dalilin dainawa ba don ka kwanta.

Wanda bai san ka ba, sai in gaya mishi aikinka. Kai ka tara ledar da iska ke rataye wa ƙaya, baƙar ledar cefane da ta ruwan sha, ka narka ta cikin rabin tano, wato gangar ƙarfe, bisa wuta, ka zuba yashin da ka tankaɗe, ka yi ta tuƙi da ƙarfe har su kama juna. Sannan ka kwashe cikin ma'aunin ƙarfe da ka shafa wa baƙin mai, ka danne, ka bari ya huce. Abin da ke fitowa shi ne pabe, tubalin shimfiɗa ƙasa. Babu siminti ciki, babu ruwa. Ledar ita ke riƙe yashin. Kuma ba kowace roba kake karɓa ba. Sai ka ja ta da yatsu, in ta miƙe ta shiga tano, in ta yi ƙara ka jefar. Guntun tiyo kuwa ko kusa, ka ce hayaƙinshi dafi ne.

Akuyarka ce ta sa ka wanga aiki. Ta rame ta mutu, anka buɗe cikinta anka iske ƙullin leda kamar kan jariri. Daga baya ka ga masu narka ta a Yamai, ka dawo da tano bisa mota. Ni na raɗa maka Mai Tuwon Leda, sunan ya bi gari. Wata rana na naɗe pabe mai ɗumi cikin zane na kai wa Safi mai ƙosai, na ce tuwon sadaka ne daga gidanka. Ta yi godiya, ta kira 'ya'yanta su wanke hannu. Da labari ya iske ka, cewa ka yi: "Ɗan banza, ka manta da miya."

Kai ka shimfiɗa bakin famfon unguwa, inda mata ke zamewa da tulu in ruwa ya sauka. Kai ka yi wa Hamidu makaho hanya daga ƙofarshi zuwa bakin titi, don sandarshi ta ji inda za ta bi. Mutanen garin Damana sunka zo koyo, ba ka ɓoye musu komi ba, har abincin rana kakata Haske ta ba su.

Abu guda ya tsaya maka a rai, shi ne farfajiyar masallacinmu, wadda kowace damina take komawa taɓo. Tun rani ka tara mata pabe jikin bangon gabas. Sai magana ta tashi. Wasu dattawa sunka ce ledar daga juji ta fito, ba a san mi ta ɗauka ba, ba a sa goshi bisa shara. Ka ce kowace leda sai da ka wanke ta ka shanya kafin ta ga wuta, kuma gari duka shaida ne, don igiyar shanyarka ta fi ta mai jego cika. Liman, Malam Abdulgafar, ya ce a ba shi lokaci ya duba. Ba ka yi gardama ba. Tarin pabe ya zauna nan, kaji na hawa, har wasu sunka fara cewa a kwashe shi a cike ramin bayan gari. Kana kwance kana tari, ba ka tambayar gona, sai dai: "Malam ya duba?"

Ga abin da ya faru bayanka, tunda ba ka gani ba.

Safiyar da ka rasu anka yi ruwa mai yawa. Da munka kawo ka masallaci, babu inda za a aje makara, jama'a kuma sun fi ƙarfin cikin masallacin. Anka tsaya ana kallon taɓo. Malam Abdulgafar ya dubi bangon gabas ya ce: "Ku kawo su." Samari sunka yi layi, hannu zuwa hannu, munka jera su yadda ta samu, wasu a karkace. Da ka gani da ka zage mu. Bisa su anka aje ka, bisa su anka yi maka salla, har da dattawan nan a sahun gaba.

Da munka dawo daga maƙabarta, bakina bai bar ni ba. Na durƙusa na ce: "Allah gafarta Malam, wagga ba ta shiga lissafi ba. Sallar gawa ba ta da sujada." Kawuna ya harare ni. 

Da la'asar masu gaisuwa sunka cika wurin, anka ta da salla a waje. Malam ya shimfiɗa buzunshi kamar kullum, ya tsaya kaɗan, sai ya duƙa ya naɗe shi ya aje gefe. Ya ja mu raka'a huɗu, goshinshi bisa tuwonka. Washegari anka kawo magini ya daidaita jerin.

Allah ya jiƙanka, Tsoho. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Allah ya rubuta maka ladar duk goshin da zai taɓa wurin nan. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyata Balkisa, da kawuna Kamal, da sauran 'ya'ya da jikoki na Filingue da Baleyara, da matata Haske, wadda ka bar mini ba tare da mun gama shari'a ba. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshe. Amin.