Malamin da ya hana ni cinikin kara

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina tsaye ana loda min kaya a mota aka kira ni, wai Dakta Sa'idu ya rasu.

Na zauna a dakali na yi kukana. Amma wallahi da na fara tuno shi sai ga ni ina murmushi. Ku bar ni in ba ku labarinsa.

Shi ya koyar da mu lokacin da nake digiri na biyu kan harkar kasuwanci. Yawancinmu ma'aikata ne, Asabar da Lahadi muke shiga aji, kowa da laftof da ji da kai. Ranar farko ya ce ba zai sa hannu a furojet ɗin kowa ba sai mutum ya kafa sana'a ta gaske, wanda bai san shi ba ya saya, kuma ya dawo ya sake saya.

Na ce a raina wannan ai kamar shan ruwa ne.

Na zaɓi soyayyen man shanu. In karɓo wajen matan Fulani a rugagen Roni, in soya da albasa, in ɗura a manyan kwalabe. Nan da nan kaya suka ƙare a Kazaure, na tafi ofishinsa ina taku ɗai-ɗai.

"Su wa suka saya, Rabi'atu?"

Na fara jero masa: Gwaggo, matar yayana, abokan aikina, har da surukata.

Ya cire tabarau yana dariya har da hawaye. "Ai kara aka yi miki. Ko ruwan rijiya kika ɗura, Gwaggo za ta saya ta ce ya yi daɗi. Je ki inda ba a san gidanku ba."

Na ji haushinsa ranar, ba zan ɓoye ba. Wasu 'yan ajinmu sun tsallake, ni digirina na rataye, ga mutanen gida har sun fara ce min Hajiya mai mastas.

Haka na nufi Babura ranar kasuwa. Ni da na saba da fankar ofis, sai ga ni a tabarma tsakanin masu riɗi da masu zoɓo. Shi ma bai zauna a gida ba. Ya biyo mu kasuwannin da muka bazu a tsohuwar motarsa, yana zagaya ɗalibansa riƙe da lema, ya miƙo mana ruwan sanyi. Bai taɓa ce min yi kaza ba. Tambayarsa ɗaya ce: "Me kika gani?"

Abin da na gani shi ne mata su ɗaga kwalba, su shinshina, su yaba, su ajiye. Ba mai neman man wata guda, na miyar yau ake so. Da kasuwa ta zagayo na zo da 'yan ƙananan robobi, aka saya. Har wata mai sayar da tuwo daga tsallaken iyaka ta tambaye ni ko ina karɓar sefa, ta saya.

Saura a dawo, kuma nan gizo ke saƙar.

Kasuwa ta gaba har la'asar ban ga fuskar da na sani ba. Na fara tattara kaya raina a ɓace, sai na ji ana cewa, "Ina baiwar Allah mai man shanun nan? Masu cin tuwona sun hana ni sakat!"

Ita ce. Na rungume ta a tsakiyar kasuwa, matar nan tana kallona kamar na zautu. Dakta na tsaye a gefe, ya ɗaga lemarsa sama ya ce, "Kawo in sa hannu!"

Yau mata a Roni da Gwiwa na kawo mana mai, kayanmu na shaguna har Kano. Duk shekarun nan bai taɓa sayen ko roba ɗaya ba, kyauta ma ba ya karɓa. Cewa yake, "Ni malaminki ne, in na saya kara ce."

Watan jiya na je duba shi. Ya rame, muryarsa ta yi ƙasa. Matarsa, wadda ban taɓa haɗuwa da ita ba, ta kawo masa tuwo da miyar kuka, ta buɗe wata 'yar roba ta zuba masa mai. Tambarina ne a jikin robar.

Ya dubi matar ya ce, "Hajiya, a ina kike samo man nan?"

Ta ce, "Shagon bakin titi mana. Tun da na gwada shi ban sake sayen wani ba."

Ya juyo ya kalle ni yana murmushi. "Ban taɓa gaya mata ba, Rabi'atu. Da kanta ta saya, da kanta take komawa."

Ganinmu na ƙarshe ke nan.

Allah Ya jiƙan Dakta Sa'idu, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa ilimin da ya bar mana ya zame masa sadaka mai gudana. Allah Ya ba Hajiya da 'ya'yansa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa malamina a addu'a, ko da bai san shi ba. Musamman ma in bai san shi ba.