Yafiyar da na hana shugaban ma'aikatan rijiya

Yayana ma'aikacin haƙar rijiyar burtsatse ne. Wata rana suna sauke bututun ƙarfe daga mota, ɗaya ya kuɓuce ya danne shi a ƙugu. A gidan likita na Tawa aka haɗa shi da wata mai gashin ƙashi, wadda muke ce wa kine. Sau uku a mako nake raka shi kafin in wuce lakwal, inda nake koyarwa. Tana gasa masa bayan, ta miƙar da ƙafafunsa, ta sa shi atisaye. A mako na huɗu ya fara ɗaura takalminsa da kansa.

Matar ta ce masa, "Malam, kada ka yanke zuwa. In ka yanke, aikinmu ya rushe."

Ta rubuta takarda cewa bai warke ba, ni na kai wa shugaban ayarinsu. Ko buɗe ta bai yi ba.

"Malama, wanda ke tafiya da ƙafarsa ya warke. Jibi muna Takanamat. In bai hau mota ba, akwai masu jiran gurbinsa."

Yaya ya hau. Wata biyu ya yi can yana ɗaga ƙarfe, babu mai duba shi. Da aka maido shi, kwance yake a bayan mota, ƙafar hagu ba ta jin taɓi. Kine ta gwada iyakar ƙoƙarinta. Har yau a zaune yake salla.

Shekaru suka wuce, shugaban ayarin nan ya samu kujerar Makka, ya shiga zagayen neman gafara. Ya zo gidanmu da rakiyar dattawa biyu. Yaya ya ce ya yafe, don shi haka Allah ya yi shi. Sai mutumin ya juyo gare ni.

"Malama, ke ma a yafe mini."

Na ce, "Ban yafe ba. In ka isa Arfa, ka faɗa wa Allah akwai wata mata a Tawa da ta ƙi."

Dattawan suka yi ta ba ni baki. Yaya ya ce, "Ƙanwata, bari mana." Na tashi na shige ɗaki.

An ce mini mutumin ya rame kafin tafiyar, ya kuma aiko matarsa sau biyu. Na ba ta ruwa ta sha, na sallame ta. Ya je ya dawo. In mun haɗu a kasuwa, shi ke sauya hanya, kuma hakan yana yi mini daɗi.