Na Kori Tsuntsaye a Gonar da Ba Tamu Ba

Mun tashi da asuba daga unguwarmu Highbridge da ke Bronx a New York ranar Asabar ɗin da ta wuce, ni da maƙwabcina ɗan Maraɗi mai tuƙa tasi. Na jira shi ya idar da salla, na riƙe masa fulas ɗin shayi, muka gangaro daga hawa na biyar muna sanɗa kada mu tashi mutane. Sanyin ƙarshen Oktoba ya riga ya fara cizo. A kafaɗata akwai jakar kyamara ta aro, wadda na kwana uku ina koyon maɓallanta.

Ku da kuka san ni kun san ba ni da haɗi da daji tun da na zo ƙasar nan, don haka bari in faɗi abin da ya fitar da ni. Duk sanda na kira Baba a ƙauyenmu can kudancin Gombe, in an gama gaisuwa da tambayar jikoki, tambayarsa ɗaya ce: "To a can, wane tsuntsu ne ke gaya muku lokaci?" Shi manomi ne, bai taɓa yarda da kalanda ba. Sai ya ga shamuwa ta sauka a kan tsamiyar bayan coci yake fara gyaran gona. Shekara goma sha ɗaya ina New York, amsata ba ta wuce tattabarun ƙarƙashin gadar jirgi ba. Sai ya ce, "Allah sarki," irin wanda ake ce wa mutumin da aka yi wa rashi.

A watan jiya ƙanwata ta kira ta ce idon Baba yana tafiya. Hawan jinin ido ne, likita ya ce ba mai dawowa ba ne. Yanzu manyan abubuwa kawai yake gani, su ma sai a cikin haske, hoton waya kuwa ko an kai masa har hanci ba ya gane komai. Ga wata uwa a cocinmu za ta tashi zuwa gida ranar Litinin, ta yarda ta karɓi sallahu. Ke nan Asabar ɗin nan kaɗai gare ni in samo wa Baba amsarsa a kan takarda, babba, tun yana iya gani da idonsa.

Mai kyamarar wata Baturiya ce, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da muka yi aiki tare a asibiti kafin ta yi ritaya. Duk kaka ita da ƙungiyarsu ta masu kallon tsuntsaye ba sa zama a gida. Ita ta ce mu same su a wani yankin gonaki a arewa maso yamma da birni, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi.

Mun haye babbar gadar kogin Hudson gari bai gama wayewa ba. Fita daga birni kyauta ce, a dawowa ake biyan kuɗin gada, abin da maƙwabcina ya ce shi ne halin New York kaf ɗinta. Daga nan muka ɗauki wata hanya da ba a barin manyan motoci su bi, itatuwa dama da hagu. Jama'a, na sha ganin kaka a wuraren shaƙatawa na cikin gari, amma ban san haka take ba. Tsauni guda ja, na kusa da shi rawaya, wani kuma ruwan goro, rana na fitowa tana kunna su ɗaya bayan ɗaya. Na yi ta danna kyamara ta gilashin mota, daga baya na tarar duk hotunan sun fito da inuwar fulas. Barewa uku muka gani a gefen titi suna kiwo, ko ɗaga kai ba su yi ba. Maƙwabcina ya rage gudu ya dube su da kyau, ya girgiza kai.

Mun tsaya a wata rumfar manoma a bakin hanya. Kofi da donat mai ɗanɗanon tuffa, da zafinsa, mu biyu dala takwas. A gaban rumfar an tara kabewa tsibi-tsibi, wata ta kai girman tukunyar biki. Na tambayi mai sayarwa ko irin ta miya ce, ta ce mutane dai sun fi saye don su sassaƙa mata ido da baki su ajiye a ƙofar gida har ta ruɓe. Raina ya sosu, na sayi ƙarama ta dala biyar don taushe. A bayan rumfar kuma akwai gonar tuffa inda mutum zai biya kuɗi a ba shi jaka ya shiga ya tsinka da kansa. Wato ka yi wa manomi aiki, kuma kai za ka biya shi, ga layi har bakin titi.

Mun sami mutanenmu wajen ƙarfe takwas a bakin wata fadama. Su tara ne, yawancinsu furfura, kowa da madubin hangen nesa a wuya, kayansu duk launin ƙasa. Ni kuwa na sha jar rigar sanyi sabuwa fil, don na ce hoto za a yi. Baturiyar ta dube ni sama da ƙasa, ta ciro wata tsohuwar riga ruwan toka daga but ɗin motarta ta miƙo min. Ta kuma sa muka cusa ƙafar wando cikin safa saboda kaska. Maƙwabcina ya ce in wani ya ɗauke shi hoto a haka ya kai Maraɗi, ba zai yafe ba.

Dokokinsu uku ne: ba a ɗaga murya, ba a nuna tsuntsu da hannu a miƙe, ba a barin turba. Muka bi su a layi. Ƙasar wurin baƙa ce wuluk, albasa ake nomawa a cikinta, an riga an cire, sai warinta a iska. Raɓa ta daskare a kan ciyawa, yanar gizo-gizo ko'ina tana ƙyalli.

Ni aikina a asibiti ɗaukar hoton ƙashi ne. Kullum sai in ce wa mutum, "Kar ka motsa, riƙe numfashinka," kuma ya riƙe. Tsuntsu ba ruwansa da wannan. Kafin in nemo shi a cikin kyamara ya bar reshen, hotuna arba'in na farko duk rassa ne zalla. Da rana ta ɗaga sai ƙwari suka fara fitowa, su ne suka rufa min asiri. Na sami ƙoƙi-ƙoƙi kore a kan sandar shinge, sanyi ya sa ta kasa gudu, ta juyo da kai tana kallona. Na sami gizaka mai gashi baƙi da ja tana ƙetare turba da gaggawarta. Na sami malam-buɗe-littafi guda, ruwan lemo da baƙin zane, wanda Baturiyar ta ce 'yan'uwansa sun daɗe da wucewa kudu, shi ne ya makara. Na durƙusa a cikin laka har gwiwa ta jiƙe, ina murna kamar an ba ni kyauta.

Maƙwabcina kuwa fara ce ta ɗauke masa hankali. Ya matso kusa da kunnena ya yi raɗa da Hausarsa mai gauraye da Faransanci: "Likita, dubi hwara, manya-manya, kuma ba mai ita. Bon, da da leda…" Na ce, "Alhaji, rufa mana asiri, baƙi ne mu a nan." Shi ke kirana Likita, ni ke kiransa Alhaji, kuma daga ni har shi ba wanda ya kai.

Da azahar muka zauna a kan wani gungume muka ci abin da kowa ya kawo. Su burodi da cuku, mu dambun nama da ƙuli-ƙuli. Wani dattijo mai kyamara da baki dogo kamar taɓarya ya ɗanɗana dambun, ya sha ruwa rabin gora, ya sake miƙo hannu. Shi ya gaya mana abin da ya tara su ranar. Akwai garken baƙaƙen tsuntsaye da ke sauka a wata gonar masara da la'asar, an ce an ga guda mai rawayan kai a cikinsu, irin da ba kasafai yake zuwa gabashin ƙasar ba. Tuƙin awa uku ya yi saboda tsuntsun nan guda.

Muka jeru a bakin gonar tun ƙarfe uku. Masara ce a tsaye, ta bushe, ba a girbe ba. Mun fi awa ɗaya ba mai ko tari. Can sai na ji wata ƙara daga nesa, ƙarar da na sani tun kafin in san karatu. Suka ɓullo ta bayan itatuwa, baƙi ƙirin, sun rufe gefen sama, suka karkato gaba ɗaya suka zubo a kan masarar. Karan ya fara lanƙwasa saboda nauyinsu.

Tun ina shekara bakwai Baba yake ɗora ni a rumfar tsaron gona in gero ya fara nuna. Igiya mai gwangwanaye a hannu ɗaya, majajjawa a ɗayan, daga fitowar rana har faɗuwarta ina fama da jan-baki. Ban san lokacin da na bar layi ba. Na tsinci kaina a bakin kunyoyin gonar, hannu biyu a sama, ina tafi ina kwarara ihu: "Haaa! Kai! Kai! Haaa!" Kyamarar mutane tana lilo a wuyana. Garken ya tashi rututu, ya yi wani juyi a sama, ya haye fadama ya ɓace.

Da na waiwayo, mutum tara suna kallona, ba wanda ya ƙifta. Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Dattijon ya sauke kyamararsa a hankali, ya ce ya fara hango rawayan kan, yana shirin dannawa ke nan. Na je na tsaya a gabansa na ba shi haƙuri, na yi masa bayanin rumfa da gero da jan-baki. Ya saurara har ƙarshe. Bai yi dariya ba, bai kuma ce ba komai ba, ya dai ce gobe zai sake dawowa. Baturiyar ce ta juya baya, kafaɗunta na girgiza. Wani ma'aikacin gona da ke wucewa a tarakta ya danna min oda ya ɗaga hula, shi kaɗai ne ya gode min.

Muna komawa wajen motoci, sai ga wata hayaniya a sama. Dinya ce, jere biyu da suka haɗu a gaba, suna kuka suna tafiya kudu. Baturiyar ta riƙe hannuna ta ce tun tana yarinya, in waɗannan suka wuce, mahaifiyarta take fito da manyan barguna, kuma in suka dawo an san sanyi ya ƙare. Ashe shekara goma sha ɗaya amsar Baba tana wucewa ta saman kaina, ni ina kallon agogo. Na ɗaga kyamara na yi ta dannawa har suka shige gajimare.

Mun biya kuɗin gada muka shigo Bronx da magariba. Washegari bayan coci na je kantin magani inda ake wanke hoto, maƙwabcina ya raka ni. Da hotunan suka fito na duba su ɗaya-ɗaya. Dinyar ɗige-ɗige ce kawai a cikin farin sama. Ƙoƙi-ƙoƙin kore ce a cikin kore. Ni da idona lafiya sai na natsu nake gane su, balle Baba. Maƙwabcina ya ciro wayarsa ya ce, "A ƙara da wannan." Ashe lokacin da nake abin kunyata shi hoto yake ɗauka. Ga ni nan ta baya, ƙafa a ware, hannu a sama, wando cikin safa, sama duk baƙaƙen tsuntsaye. Na ce ba za a kai wannan gida ba. Ya ce wa yarinyar kantin ta wanke shi mafi girma, ya cusa a ambulan da hannunsa.

Abin da na koya a tafiyar nan ba shi da yawa. Daji yana nan awa ɗaya da rabi daga ƙofar gidana, ni ne ban taɓa zuwa ba. Dinya ce shamuwar mutanen nan. Kuma wanda ya tashi a tsaron gona, a ajiye shi a bayan layi, a riƙe masa riga.

Jiya Alhamis sallahu ya isa. Ƙanwata ta fitar da Baba tsakar gida inda rana take, ta kira ni, tana miƙa masa hotunan ɗaya-ɗaya. Na gaya masa labarin dinya, ya ce madalla, amma ya ce shi farar takarda kawai yake gani. Ƙwarin ma haka. Sai na ji ya ce mata, "Tsaya, ba ni wannan."

"Gonar wa ce?" ya tambaye ni.

Na ce, "Ban san mai ita ba, Baba."

"Ba ka san shi ba, ka kore masa?"

"Na kore, Baba."

Ya yi dariya har da tari. Ƙanwata ta karɓi wayar ta ce ita fa ba ta gaya masa ko wane ne a hoton ba. Na jiyo muryarsa daga gefe yana cewa, "Me za ki gaya min? Shekara nawa ina hango tsayuwar nan daga ƙarshen gona. Wannan kam na gan shi."