Malama Keziya da Motar Benci

Malama Keziya 'yar Wusasa ce, aure ne ya kai ta Samaru, inda mijinta Albert yake aikin kafinta. Tun shekarar 1988 take koyarwa a wata 'yar makarantar coci a Sabon Gari, ajin 'yan shekara huɗu. Koyarwarta iri ɗaya ce, irin wadda aka yi mata tana yarinya: ta tsaya gaban allo da 'yar sanda tana nuni, yara suna amsawa da ƙarfi, "Wan! Tu! Tiri!" Iyaye suna yabonta, don duk yaron da ya bi ta hannunta sai ya iya ƙirga har ɗari da Turanci.

A shekarar 2005 shugabar makarantar, Madam Bukola, ta tura ta wata bita ta kwana uku a Samaru. Keziya ta tafi da sabon littafi da biro biyu. Tana shiga ɗakin sai ta tarar an kwashe kujeru an shimfiɗa tabarmi. Mai koyar da su, wata budurwa mai suna Stephanie, ta zazzage musu marafan kwalbar lemo, ta ce su jera, su raba, su yi ta hira a kai. Manyan mata, har da masu jikoki, suka duƙufa a ƙasa. Can da rana ta yi, Keziya ta ɗaga hannu.

"Malama, yaushe za a fara darasin?"

"Mama, ai shi muke yi tun safe," in ji Stephanie.

Har aka gama bitar layi biyu kawai ta rubuta a littafin nan.

Ran Litinin ta zo aji da marafai cike da leda, ba don ta yarda ba, sai don kada a ce ba ta gwada ba. Ta kira Tomiwa, wanda ya fi kowa iya ƙirga, ta ce ya miƙo mata marfi huɗu. Yaron ya dube ta, ya dubi allo, sannan ya dumbuzo cike da hannu. Ta sake faɗa masa da Turanci, ya ƙara dumbuzowa. Ta bi ajin ɗaya bayan ɗaya. Cikin yara talatin da biyu, uku ne kaɗai suka ba ta huɗu. Ta zauna a bakin tebur, kanta ya ɗaure. To shekara goma sha bakwai ɗin nan me take koyarwa?

Kafin ta dawo hayyacinta yara sun dira kan ledar. Marafai suka watse, wasu na kuka, wani ya cusa ɗaya a baki. Madam Bukola ta leƙo.

"Malama Keziya, aji ne wannan ko kasuwa?"

"Madam, abin da aka koya mana ke nan a inda kika tura ni."

"Na tura ki ki ƙaro ilimi ne, ban ce ki dawo min da shara ba."

Washegari ta koma kan allo. Yara suka rera kamar kullum, amma ita yanzu ba ta san abin da take ji ba. Ta yi mako biyu a haka, yau allo, gobe marafai, babu wanda ya kwanta mata a rai.

Wata safiya tana zaune cikin bas a Samaru ana jiran mota ta cika, kwandasta ya leƙo, ya dubi kujeru, ya ƙwala, "Saura mutum biyu!" Da ta isa makaranta sai ta jera benci uku a tsakiyar aji, ta ce ga mota, mutum goma take ɗauka, wa zai yi kwandasta?

Akwai wata yarinya a ajin, Kosi, wadda zango biyu ke nan ba a taɓa jin muryarta ba. Keziya ta ɗauka yarensu na Ibo kaɗai take ji, har ta fara tunanin ko kunne ne. Yara na ta hawa bencin, sai ga shi ita ce ta taso daga lungu, ta tsaya a bakin benci, ta buga shi da tafin hannu.

"Samaru! Kwangila! Samaru!" Ta duba ciki. "Saura uku! Kai, matsa mana, wurin mutum biyu ka cinye!"

Keziya ta ƙirga. Bakwai ne a zaune. Ashe uwar yarinyar, Chika, abinci take sayarwa a tasha, kuma a gindin tukunyarta Kosi take wuni in an tashi makaranta. Ranar nan ajin ya cika da surutu: Hausa, Yarbanci, Turancin kasuwa, kowane fasinja yana faɗin inda zai sauka da dalilinsa. Amma da aka sauka daga mota aka koma gaban allo, Kosi ta ja bakinta ta yi gum. Keziya ta lallashe ta, ta ce ta ƙirga ko zuwa biyar ne. Ko uffan.

Ƙarshen zango ya zo, ga katin sakamako, ga gurbin da aka ce a rubuta ko yaro ya iya ƙirga zuwa hamsin. Na Tomiwa bai ba ta wuya ba, ko da yake ta tuna yadda ya dumbuzo marafan nan. Na Kosi kuwa kwana biyu yana jakarta. Ta tambayi Albert, ya ce shi dai a wurin aikinsu wanda ya auna katako daidai shi ne ya iya. Ta tambayi Madam Bukola, ta ce abin da kati ya tambaya shi za a amsa. A ƙarshe ta bar gurbin fari, ta rubuta a ƙasa cewa yarinyar ta san adadi kuma tana magana sosai a wurin wasa.

Chika ta zo da katin a hannu, da zanin aikinta mai ƙaurin hayaƙi.

"Malama, na ba mutum uku sun karanta min. Wato ta ci ne ko ta faɗi?"

Keziya ta karɓi katin, ta sake karanta rubutun nata.

"Gaskiya, Maman Kosi, ni ma ban sani ba. Ki dai kawo ta in an dawo hutu."

Chika ta kawo ta. Keziya ta ƙara shekara huɗu a ajin nan, da safe allo, bayan an ci abinci kuma wasan mota, har ciwon gwiwa ya hana ta zirga-zirgar Sabon Gari, ta ajiye aiki a 2009.