Mai Askin da Ya Shekara Tara Yana Jiran Ba da Shaida

Shekara talatin mai askin nan ya yi a shago ɗaya, da kujera ɗaya mai ƙara da madubin da ya tsage ta gefe. Mutum ne mai surutu, in ka zauna a kujerarsa sai kunnenka ya gaji kafin sumarka ta ƙare. Amma magana ɗaya ya shekara tara yana neman inda zai faɗe ta bai samu ba.

Wani mai walda ne, abokin cinikinsa, aka kama bisa zargin fasa shagon waya da rana tsaka, aka hana shi beli. Alhali a daidai wannan lokacin yana zaune a kujerar mai aski. Shaidar ke nan, ba ta kai minti biyu ba, kuma ita kaɗai za ta fito da shi daga gidan yari.

To, kotu fa ta ƙi zama. Yau alƙali ya tafi taro, gobe fayil ya yi ƙafa, jibi motar gidan yari ba mai. An ɗage shari'ar sau arba'in da ɗaya, alƙalai uku suka wuce. Duk ranar zama mai aski zai rufe shago, ya goge riga, ya je ya dawo da maganarsa a baki. Don kar ya manta, kullum da safe sai ya karanta wa matarsa shaidar.

"Baban yara, ni ma fa na haddace," in ji ta. "In ka mutu sai in je in faɗa."

Ranar da magatakarda ya kira shi da gaske, ya zaci kunnensa ne. Ya shiga akwatin shaida har da tuntuɓe, murna kamar ta kashe shi, ya zazzage zancen ba numfashi.

Lauyan gwamnati ya miƙe. "Nuna wa kotu mutumin da kake magana a kai."

Mai aski ya duba. Mutum huɗu ne ake tuhuma, duk sun rame, duk sun tsufa. Wallahi bai gane ko ɗaya ba.

"Ya mai shari'a," ya ce, "a taimaka su juya baya."

"Su juya me?"

"Baya, ranka ya daɗe. Ni ba fuska nake kallo a wurin aiki ba, ƙeya nake kallo."

Kotu ta kwashe da dariya, alƙali ma ya sunkuyar da kai yana gyara tabarau. Aka juya su. Mai aski ya daka tsalle. "Ga shi nan, na biyu! Ga tabon tartsatsin walda bayan kunnen hagu, kullum sai na kauce masa da injin!"

Ɗan sanda ya leƙa, tabo na nan. Bayan mako uku aka sallami mai walda.

Da fitowarsa, shagon mai aski ya fara zuwa. Mai aski ya kakkaɓe kujera, ya yafa masa ƙyalle, bakinsa har kunne.

"Wane iri za a yi, mutumina?"

"Irin wanda ka saba yi mini."

Mai aski ya kunna injin, ya zagaya bayansa, sai ya tsaya. Tausayi ya kama shi, surutun ya ɗauke. Sumar da ake yi wa wannan askin ta zube tun a gidan yari.