Alƙali da Akwatin Tokar Abba

Ƙarfe bakwai na safe yake buɗe rumfarsa. Ya share ƙasa, ya jera kayan aikinsa a kan wani tsohon katako: filaya, sukudireba uku, baƙin salatif, da fitilar gwaji, wani ɗan ƙwan lantarki mai waya biyu da ya girmi rabin masu kawo masa aiki. Sai ya jawo benci biyu ya ajiye su suna kallon juna. Ɗaya nasa ne, ɗaya na mai mota.

Mai wayarin ne, wato gyaran wayoyin mota ne sana'arsa, shekara arba'in da ɗoriya. Amma a layin kanikawa babu mai kiransa da komai sai Alƙali, saboda ba ya buɗe bonet sai ya saurari shaidu. Yaushe ta tsaya? Wa ya taɓa ta? Me ya cire, me ya ƙara? Masu gaggawa ba sa son sa. Wani direban bas ya gaya mini cewa ya taɓa tashi daga bencin nan a fusace, ya yi kwana tara yana yawo gareji gareji, sannan ya dawo ya zauna da kansa ya ce, "Malam, ci gaba da tambayar." A tambaya ta huɗu aka gano fitilun ado da ya sa wa bas ɗin ne suke shanye batir.

Ƙarshen watan nan zai rufe rumfar. Idanunsa sun daina raba jar waya da ruwan ƙasa, kuma ya ce ba zai yi aiki da lalube a motar mutane ba. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da na gani da idona, duk da ni ne wanda labarin bai yi wa kyau ba.

Mahaifinmu Abba, Allah ya jiƙansa, ya bar wata tsohuwar mota ruwan toka. A rayuwarsa babu wanda ya taɓa tuƙa ta sai shi. Ko makullin ka ɗauka sai ka yi bayani. Bayan rasuwarsa ta yi shekara huɗu a rumfar tsakar gida, tayoyi suka sace, ɓeraye suka yi aure suka hayayyafa a ciki. Umma ce kaɗai take kula ta. Kowace safiya takan ɗauki tsumma ta goge gilashin gaba, ɓangaren da take zama.

Ni na fara cewa a tashe ta. Kuma da yake ni ɗan gaye ne, ban fara da inji ba, da ado na fara. Na sa sababbin fitilu, na sa ƙararrawar ɓarayi, na sayo rediyo mai allo. Rediyon ya fi ramin tsohon girma, sai na cire wani ɗan akwatin tokar sigari da ke ƙasansa, na jefa a kwandon shara. A bayansa na ga wasu siraran wayoyi biyu, na ce na ɗan ƙwan da ke haska akwatin ne, na datse su na naɗe da salatif. Muka sa sabon batir. Rediyo ya kama tangaram. Mota kuwa ta yi ta kik, injin yana juyawa, amma ya ƙi kamawa.

Kanikawa uku suka zo. Na farko ya ce tsohon mai ne, ya sauke tanki ya wanke, kuma gaskiyarsa, man ya koma kamar fenti. Na biyu ya canza filogi. Na uku ya canza famfon mai, da ta ƙi tashi ya ce zai je ya dawo, har yau muna jiransa. Duk muka ɗora laifin a kan dogon zama.

Daga nan haƙurin Yaya ya ƙare. Shi ne babba, kuma yana son wurin don ya gina ɗaki. Ya ce, "Na yi magana da 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe, Asabar za su zo. In ta tashi kafin nan, shi ke nan. In ba ta tashi ba, su yanka ta su kwashe." Umma ta ce, "To." Iyakar abin da ta ce ke nan. Amma washegari na lura ba gilashi kaɗai ta goge ba, motar gaba ɗaya ta goge, har lamba. Abin ya tsaya mini a rai.

Ranar Alhamis na je na ɗauko Alƙali. Ya shigo da 'yar jakarsa, ya zagaya motar sau ɗaya, bai taɓa ta ba. Ya ce a kawo kujeru. Yaya ya dube ni da irin kallon da ke cewa wannan ka kawo mana?

Alƙali ya sa muka faɗi duk abin da aka yi mata, bi da bi. Na faɗi fitilu da ƙararrawa da rediyo. Akwatin toka kuwa ko a raina bai zo ba. Sannan ya tashi ya buɗe ƙofar baya, ya kwantar da kunnensa a kan kujera, ya ce in murɗa makulli kaɗan, kada in yi kik. Na murɗa. Ya ce in sake.

"Famfo ba ya kuka," in ji shi. "Sabo ne, amma wuta ba ta zuwa masa."

Ya duba fis, lafiya lau. Ya bi waya da fitilar gwajinsa: a nan ƙwan ya kama, a can ya kama, da ya zo kusa da famfo sai shiru. Ya duba inda ɓeraye suka ci, ya ce sun yi ɓarna, amma ba wannan wayar suka ci ba.

Yaya ya ce, "To Malam, ka ja sabuwar waya daga batir zuwa famfon mana, mu huta."

"Zan iya, minti goma ne," in ji Alƙali. "Amma famfon ba zai ƙara tsayawa ba, ko an kashe mota. Ranar da tiyo ya fashe, mai zai yi ta zuba. Wa za ku ɗauka a motar?"



Alƙali ya koma kujerarsa ya ce, "Marigayi yakan yi mata gyare-gyare da kansa?" Muka ce ba mu sani ba. "Wa ya fi shiga motar tare da shi?" Muka dubi juna. Yaya ya yi dariya ya ce, "Umma ce, amma ita ko sitiyari ba ta taɓa riƙewa ba. Ba ta san komai a mota ba."

"A yi mini sallama da ita," in ji Alƙali.

Umma ta fito ta zauna daga gefe. Bayan gaisuwa da ta'aziyyar da ta makara shekara huɗu, ya ce, "Hajiya, ba maganar inji zan tambaye ki ba. In kun shiga mota, daga rufe ƙofa zuwa tashi, me yake yi? Ki faɗa mini ɗaya bayan ɗaya, ko da abin bai kai a faɗa ba."

Umma ta ce, "Yakan yi bisimilla. Ya gyara madubi, ko ba a taɓa shi ba. Ya ce na rufe ƙofa da kyau? Sai ya jawo ɗan akwatin nan na toka, sannan ya murɗa makulli."

"Yana shan sigari ne?"

"Babansu? Ko warinta ba ya so. Har tsiya nake masa, in ce mutum ba ya shan taba amma kullum sai ya gaida akwatin toka. In mun sauka kuma ya mayar da shi."

Alƙali ya leƙa cikin motar, ya dubi rediyona mai allo yana ta walƙiya. Sannan ya juyo ya dube ni. Bai ɗaga murya ba. "Ɗana, ina akwatin?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce na cire. Ya ce akwai waya a bayansa? Na ce biyu. Ya ce na datse? Na ce na datse. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa farashin tumatir. Ya kwance rediyon, ya zaro wayoyin nan biyu da salatif ɗina a bakinsu, ya nuna mana wani ɗan maɓalli da ke manne can ciki. Abba ne ya sa aka yi masa maganin ɓarayi: wutar famfo ta nan take bi, in ba a jawo akwatin ba, mota ba za ta tashi ba ko da makullinta. Shekara ashirin yana yi a gabanmu, muna ɗauka ɗabi'ar tsufa ce.

"Zan iya haɗe su kai tsaye, ta tashi," in ji shi. "Da akwatin yana nan, da na mayar da ita yadda mai ita ya bar ta."

Na ce ai ya tafi da shara tun watanni biyu da suka wuce. Umma ta miƙe ta shiga ɗaki. Ta fito da wani abu naɗe a ɗankwali. Ashe ranar da na jefar, ta bi bayana ta tsince shi ta wanke ta adana. Yaya ya ce, "Haba Umma, me ya sa ba ki faɗa ba?" Ta ce, "Wa ya tambaye ni?"

Alƙali ya haɗa wayoyin, ya mayar da akwatin mazauninsa. Ya ce in zauna a kujerar direba, ya buɗe wa Umma ƙofar gefe. "Hajiya, ke za ki jawo." Ta shiga ta zauna, ta yi bisimilla, ta jawo. Na murɗa makulli, muka ji wani ɗan siririn kuka daga baya. Kik na farko ta yi tari, na biyu ta girgiza, na uku ta kama, hayaƙi ya cika tsakar gida. Umma ta dubi gilashin da ta shekara huɗu tana gogewa, ta ce da ni, "Ka rufe ƙofa da kyau?" Na buɗe ƙofar na sake rufewa. Yaya ya fita waje da wayarsa, na ji yana ce wa 'yan gwangwan kada su wahalar da kansu.

Kai ne, Alƙali, mai sauraro kafin taɓawa. Kanikawa uku sun shiga gidan nan, mu 'ya'yan Umma muna ciki, babu wanda ya ga shaida a matar da ke goge gilashi, sai kai. Ba ka zage ni ba, ba ka yi wa Yaya gori ba, ba ka kushe aikin waɗanda suka riga ka ba. Ka tattara kayanka, ka ce a canza tayoyi da man birki kafin a hau titi, ka tafi.

Mun gode. Allah ya ba idanunka lafiya, ya sa hutun ya yi maka daɗi. Ku kuma da za ku gaji layin, filaya da fitilar gwaji ana sayar da su a kasuwa. Bencin nan na biyu shi za ku roƙa ya bar muku. Kafin ku datse wayar da ba ku san inda ta nufa ba, ku tambaya, kuma ku tambayi har wanda aka ce bai san komai ba.

Rediyon mai allo yana cikin kwalinsa a ƙarƙashin gadona. Motar kuwa kowace Asabar nakan kai Umma gidan ƙanwarta a ciki, kuma har yau ban taɓa jawo akwatin da hannuna ba. Aikinta ne.